Ƙwayar da ke Bakin Bargo

Ni ba na iya ganin dauɗa in kau da kai. Duk ƙauyenmu na kan duwatsun Mokhotlong an san ni, Mpolokeng, da wannan hali, kuma har shekarar 2003 abin alfaharina ne.

A shekarar ƙanwata Nthatisi ta dawo gida da cikin wata takwas, kamar yadda duk mai cikin fari take komowa gaban uwarta ta haihu. Uwarmu ta rasu, ni ce a madadinta. Mijin yana can mahaƙar zinariya, sai Kirsimeti ake ganinsa, ramamme, yana tari. Ta iso lulluɓe da bargon aurenta, bakinsa ya yi baƙi ƙirin da maiƙo. Da shi take cin tuwon masara, da shi take barci. Na yi mita har na gaji, ta ce in bar mata kayanta.

Wani hantsi barci ya sace ta a bakin ƙofa, bargon ya zame. Na lallaɓa na ɗauke, na gangara rafi, na jiƙa, na cuɗa, na buga a kan dutse son raina. Na dawo ina ji da kaina.

Da ta gan shi a shanye ba ta yi ihu ba. Ta laluba bakinsa, ta farke wani ɗinki da haƙori. Ƙyalle ne a naɗe, babu komai cikinsa sai farin tabo.

"Yaya, maganin ɗana kika wanke," ta ce.

A nan na ji komai. An gwada ta a asibiti, tana ɗauke da ƙanjamau. Nas ta ba ta ƙwaya ɗaya tak, ta haɗiye da zarar naƙuda ta taso, a kuma kai jaririn cikin kwana uku a ɗiga masa nasa. Surukarta mai binciken jaka ce, shi ya sa Nthatisi ta ɗinke ƙwayar a bakin bargo. Na tambaye ta me ya hana ta gaya min.

"Ke da wannan bakin naki?"

Ban musa ba, gaskiya ta faɗa.

Na ce gobe da sassafe zan ari doki in karɓo wata. Da la'asar ruwa ya ɓarke, kogin Senqu ya cika ya tare hanya. Washegari faya ta fashe, naƙuda ta ja kwana ɗaya da wuni, Nthatisi tana ta maimaita cewa nas ta ce jinkirin nan ma haɗari ne. Na karɓi haihuwar da hannuna, namiji, muka sa masa Tumisang. Kullum ina zuwa bakin kogi in dasa dutse in ga ko ruwa ya ja. Sai rana ta biyar da haihuwarsa muka haye.

Nas ta auna nauyinsa, ta ce lokacin maganin ya wuce. Nono kawai za a ba shi, ko ruwa kada a haɗa. Yara da yawa suna tsira ko ba magani, amma ba ta san waɗanne ba. Gwajin da take da shi sai ya shekara ɗaya da rabi. Na roƙe ta ta ba ni wani abin da zan yi, ko mene ne. Ta ce babu.

Yanzu watansa huɗu, ɓul-ɓul, ga dariya. Tsoro nake ji, ban taɓa jin irinsa ba. In ya yi tari, Nthatisi ba shi take kallo ba, ni take kallo. Bargon yana nan a ninke kan akwati, fes, babu wadda ta ƙara taɓa shi.