Bugun Maiwada

Enoch na kakkaɓe ƙasar da ke gwiwarsa bayan ya tare wata ƙwallo mai zafi, sai ya jiyo Alhaji Maitama, shugaban kulob ɗin Tsiga, yana gaya wa dattawan kan benci cewa Maiwada a zamaninsa ko faɗuwa ba ya yi.

Maganar nan ta ishi Enoch. Tun da ya karɓi rigar gola ake auna shi da Maiwada, a majalisa, a teburin mai shayi, har a ƙofar coci. Wai Maiwada ba a sa shi sai wasa ya zo ƙarshe, kuma da ya shiga an rufe shago, ba a ƙara cin Tsiga. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda yake rufewar. Ƙwallo ɗaya ce a garin, gonar Alhaji kuma tana manne da filin. Da ta zo hannun Maiwada sai ya narka ta cikin dawa, a yi ta nema har a kira magariba, alƙalin wasa ya busa tashi ya tafi alwala.

Yau Tsiga na gaban 'yan Danja da ci ɗaya, kuma Alhaji ya rantse in aka farke, Enoch ya yi sallama da rigar. Shi ya sa yake ta shawagi a ƙasa kamar wanda ya ci bashin raga.

Da rana ta yi ja, Alhaji ya kasa haƙuri. Ya miƙe ya ce a yi canji, a nuna wa yaran zamani aiki. Aka taso Maiwada daga cikin 'yan kallo, yanzu dillalin taki ne, ya ajiye tumbi. Enoch ya tuɓe masa rigar, wadda ta tsaya wa Maiwada a saman cibiya, shi kuma ya koma bakin gona da singileti.

Ƙwallon farko da Maiwada ya kama, ya yi mata bugun nan nasa. Dattawa suka yi kabbara. Sai dai duk sun manta bana malaman gona sun shawo kan Alhaji ya shuka gyaɗa maimakon dawa. Ƙwallon ta sauka a kan kunya, fili fetal, dab da ƙafar Enoch.

Alhaji ya shiga yi masa alama da hula, ya ƙara mata gaba ta nufi rafi. Enoch ya gane sarai. Ya dubi Alhaji, ya dubi Maiwada da ke haki jingine da turken raga, ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon ya miƙa wa ɗan Danja. Jifa ɗaya, bugu ɗaya, ta wuce ta tsakanin ƙafafun Maiwada, wanda ya ce ƙugunsa ne ya riƙe.

Bayan an tashi Alhaji ya kira Enoch gaban dattawa.

"Ka ga bambancinku ke nan," in ji shi. "Kai ko kana waje sai an ci mu ta hannunka."

Dattawa suka gyaɗa kai. Aka tabbatar wa Maiwada da rigar nan take. Da ya zo cirewa ta yage a hammata, sai Alhaji ya tuna Liatu matar Enoch tana da keken ɗinki.

"Ungo, kai mata," ya ce. "Ta ƙara faɗi ta ciki, kafin wasanmu da Mahuta."