Jan Biro da Hannun Daman Sati

A wata makarantar sakandare da ke Sabon Gari, ta wajen Jushi, akwai al'adar da aka gada tun daga waɗanda suka kafa ta. Duk ɗalibin da jan biro ya taɓa makinsa, ranar Litinin zai miƙa tafin hannu a gaban taro. Mai dukan kuwa Saja Uzodinma ne, tsohon soja daga Basawa, wanda bai taɓa tambayar dalilin ja ba.

Malama Winifred, mai koyar da lissafi, ta daɗe tana ƙyamar wannan hukunci, domin ta ga bulala ba ta taɓa koya wa kowa raba lamba ba. A shekarar 2004, da 'yan ajin ƙarshe suka gama jarrabawar gwaji, sai ta kwashi takardunsu zuwa gidanta a Samaru, ta bi su tambaya bayan tambaya. Maimakon jimla ɗaya, ta raba makin kowa gida-gida: nan kaso, nan kusurwa, nan auna fili. Inda ɗalibi ya yi rauni ta sa ja, domin ta san abin da za ta sake koya masa kafin babbar jarrabawa, wadda ta ƙarato.

Cikinsu akwai Sati, ɗan wani kafinta na unguwar PZ. Bara ya faɗi, uban kuma ya rantse cewa idan bana bai ci ba, zarto zai riƙe har abada. A wannan karon ya haye a jimla, amma gidajensa uku ja ne.

Shugaban makaranta, Mista Abiodun, ya ga aikin ya yaba, ya sa aka manna shi a allon sanarwa ba tare da ya tsaya jin bayani ba.

Ranar Litinin motar Samaru ta makara da Malama Winifred. Tun daga bakin ƙofa ta ji ƙarar dorina da kukan yara. Saja ya ɗauki kowane gida mai ja a matsayin faɗuwa guda, saboda haka har waɗanda suka ci sun shiga layi. Wata yarinya tana durƙushe ta cusa hannuwa cikin hammata. Sati ne a gaba, tafin hagunsa ya fashe, jini yana ɗiga a kan takalminsa.

Saja ya ce, "Kawo na dama!"

Sati ya ce, "Baba Saja, don girman Allah ka bar mini wannan. Da shi zan rubuta."

"Da shi ka rubuta shirmen nan ai. Miƙo!"

Malama Winifred ta keta layi a guje tana cewa, "Saja, dakata! Wannan ba takardar hukunci ba ce!"

Ya dube ta a kaikaice ya ce, "Malama, wa ya sa jan, ni ko ke?"

"Ni ce, amma don in koya musu na sa."

"To ke kin yi naki, ki bar ni in yi nawa."

Ya cafki wuyan hannun Sati ya ɗaga dorina. Ba ta tsaya tunani ba, ta ɗora hannunta a kan na yaron. Dorinar ta sauka da dukan ƙarfin soja. Ta ji ƙashin yatsunta ya yi ƙas, ta zube a ƙasa.

Sai wani daga baya ya yi ihu, "Ya kashe Malama!" Dutse na farko ya sami Saja a goshi, jini ya wanke masa fuska. Ɗalibai suka yi masa ca da duwatsu da ƙafafun benci, gilashin ofis ya tarwatse, Mista Abiodun ya kulle kansa ciki. Saja ya faɗi, suna ta tattaka shi.

Da ƙyar Malama Winifred ta rarrafa, ta kife a kansa tana riƙe da karyayyen hannu. Wani dutse ya same ta a kafaɗa.

Ta ce, "Wanda zai sake jifa, ni zai jefa! Sati, hana su!"

Sati ya tsaya a gabanta ya ware hannuwa, ɗaya jina-jina, ɗaya lafiya lau. Da ɗaliban suka ga tana raye, duwatsu suka fara faɗuwa daga hannayensu.

An ɗinke goshin Saja, bai kuma sake komawa makarantar ba. Ita kuwa an ɗaure mata yatsun hannun dama, ba ta iya riƙe alli. Duk da haka, ranar da aka sake buɗe aji bayan tarzomar, ta zo da takardar nan, ta zaunar da ɗalibai rukuni-rukuni, kowa tare da masu irin rauninsa. Ta kira Sati, ta miƙa masa alli da hannun hagu.

Ta ce, "Kai ka fi kowa ja a kusurwa, kuma kai ne mai hannu. Hau allo. Ni zan faɗa, kai ka zana."

Ya karɓa da hannun dama, ya ja layin farko.