Tsohon da Za a Yi wa Aski

A shagon askinmu Rediyo ake ce min, don bakina ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta. Ƙanena Auta ne a kujera ta biyu. Hannunsa ya fi nawa, wannan ko gaban alƙali zan faɗa. Ni surutu nake sayarwa, askin gyara ne. Duk layin nan shi kaɗai ne bai taɓa kirana Rediyo ba, kullum Yaya.

Ranar da ya juya madubinsa ya kalli bango, dariya muka yi. Na ce, "Auta, bar ganin laifin madubi, haka Allah ya yi ka." Bai ko murmusa ba. Ya ja ni bayan labule ya ce akwai masu magana a cikin ƙarar injin aski, suna kiran sunansa, suna faɗin abin da ke ransa tun bai gama tunawa ba. Daga nan barci ya ƙaurace masa. Ya daina zuwa shago. Abinci kuwa, ko Umma ce ta dafa, ba ya ci sai na fara kai loma.

"Yaya, kai kaɗai ne ba su saya ba," in ji shi.

Akwai wata nas da ke kawo ɗanta aski, na ba ta labari. Ta ce, "Wannan ciwo ne, yana da magani, amma da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Kawo shi wajenmu gobe. Ka zaunar da shi ka gaya masa inda za ku. In ya ƙi, kira ni, mu bi shi a hankali."

Na ce a raina, gaya masa? Wannan ba ta san Rediyo ba. Ni da na taɓa sayar wa mai sanƙo matsefi.

Da safe na leƙa ɗakinsa. "Auta, ɗauko jaka, an samu aikin waje. Wani tsoho ne kwance a asibiti, gemu ya kusa cinye shi, kuma ya ce sai kai."

Ya ɗago. "Ni ya ce?"

"To ni zai ce? Yana son kunnuwansa."

Sai ga Auta ya tashi ya yi wanka. Ya goge almakashi da aska, injin dai ya bar shi a gida. A hanya yake tambayata, "Yaya, hannuna ba zai yi rawa ba kuwa? Na kwana biyu ban yi ba." Na ce haba, kai ne fa.

Ɗakin da nas ta shigar da mu babu gado. Tebur ne, da kujeru, da likita. Auta ya riga ya saɓa tawul a kafaɗa.

"Ina tsohon?"

Likita ya ce, "Sannu da zuwa, zauna. Yayanka ya ce ba ka samun barci."

Auta ya dubi likita, ya dubi nas, sannan ya juyo gare ni. Ya sauke tawul ɗin, ya ninke shi tsaf, ya mayar jaka.

"Tun yaushe kake musu aiki?"

Bai jira amsa ba ya fice. Nas ta bi shi har ƙofar asibiti, ta dawo tana haki. "Ba ka gaya masa ba?"

Yanzu yana ɗaki, ya tokare ƙofa da gado. Nas ta zo gida da kanta, ta yi lallashi har ta gaji, ta ce za ta sake dawowa. Umma ta ajiye kwano a bakin ƙofa, ta koma gefe tana share ido da bakin mayafi. Na zauna a ƙasa, na buɗe kwanon, na ci loma ina tauna da ƙarfi don ya ji.

"Auta, ga shi na ɗanɗana. Wallahi babu tsoho, ƙarya na yi. Amma maganar ciwon gaskiya ce, ana warkewa. Ka buɗe mu koma, ni zan zauna kusa da kai."

Can na ji muryarsa ta ƙarƙashin ƙofa, a dushe.

"Rediyo, wa ya kunna ka?"

Umma ta zo ta rufe kwanon saboda ƙuda.