Malamar da Ba Ta Ɗaga Kai Ba

Wata huɗu muka yi muna shirin shiga ajin nazare, ni da jikata da nake kira Ƙawata. Shekararta biyar, kunnenta bai cika ji ba, amma in ka fuskance ta, daga leɓenka take ɗauke zance tsaf. Makaranta ɗaya ce kusa da mu da ta kafa allo a ƙofa wai tana karɓar kowane irin yaro, kuma gurbi ɗaya ya rage. Takardar da suka ba mu shafi uku ce: sai yaro ya san launuka, ya ƙirga zuwa goma, ya faɗi sunansa, ya shiga banɗaki shi kaɗai. Kai ka ce likita za su ɗauka aiki. Da murafun kwalba muka koyi ƙirga, da zaren ɗinkina muka koyi launuka, har ta fara gyara mini in na yi kuskure.

A shafin farko na rubuta da manyan baƙaƙe: "A dube ta in za a yi mata magana."

Ranar gwaji aka ce iyaye ba sa shiga, kada mu ba yara satar amsa. Aka dasa ni a benci, bayan taga mai gilashi, ina hango Ƙawata da malama. Malamar gwajin ta gyara tabarau, ta ɗauki biro, ta kifa kai a kan takarda, shi ke nan ba ta sake ɗagowa ba. Tambaya goma sha biyu ta karanta wa tebur, tebur kuwa bai amsa ba, ita kuma tana ta zabga alama. Ƙawata na zaune ƙyam, hannu a gwiwa, ta zuba wa ɗankwalin malamar ido tana jiran fuska. Na ƙwanƙwasa gilashi, sakatariya ta ce, "Mama, ana aiki fa." Wai aiki.

Bayan minti goma shugabar makarantar ta kira ni ofis, da murmushin nan nasu da ba ya wuce haƙora.

"Mama, sai haƙuri, ba ta kai ba tukuna. Ko tambaya ɗaya ba ta amsa ba."

"Ranki ya daɗe, kun karanta shafin farko?"

"Shafin farko na ofis ne. Na uku ake ba malama."

"To a sake. Minti biyar kawai, amma ta ɗaga kai."

"Sau ɗaya muke yi a shekara, don adalci ga sauran yara. Ku dawo baɗi. Kafin nan ku riƙa ɗan yi mata hira a gida, yana taimakawa."

Ni ake koya wa hira da jikata. Raina ya ɓaci. Na ce mata, "Allah ya ƙara ilimi, da alama ana bukatarsa a gidan nan." Ta ce amin.

Na fito na tarar da Ƙawata a bakin ƙofa, an saƙala mata jakarta a kafaɗa. Ta ja hannuna na durƙusa, ta kama fuskata da tafukanta biyu, ta ce, "Kaka, yaushe za ta fara tambayar? Ni fa na shirya."

Na buɗe baki, ta zuba masa ido. Na kau da kai.