Loman Farko na Kansila

Isaque Benzimra ya yanke ƙyallen buɗe biki, aka yi tafi, amma shi idonsa na kan farantin da ke jiransa. A garinmu, ranar bikin tsiren hanji, kansilan kasuwa ne ke cin loman farko a gaban kowa. Tsiren kuwa dakakken naman alade ne da muke ɗurawa a hanji mu ƙyafe. Shi ko Bayahude ne, tun da uwarsa ta haife shi a Maroko bai taɓa kai alade baki ba.

Shekara ashirin da shida yana auna mana yadi a shagonsa na bakin tasha, kafin muka zaɓe shi da ratar ƙuri'a tara. Abílio, wanda ya sha kaye, har yau bai huce ba. Ga shi a sahun gaba ya harɗe hannu.

"Ci mana, Senhor, maigirma kansila! Kujerarmu ta yi maka daɗi, abincinmu ne bai kai ba?"

Tsoro ya kama Isaque. In ya ƙi, kafin rana ta faɗi magana ta gama gari cewa baƙo muka ɗora wa kanmu. In ya ci, da wane ido zai dubi matarsa Mazal?

Bana Dona Ermelinda ce ta kawo farantin, tsohuwar da ba ta iya magana a hankali ba.

"Dona Ermelinda, ki gafarce ni, ni dai…"

"Kai dai me? Ci, ɗana. Kaza ce da burodi da tafarnuwa, hanjin ma na saniya. Alade bai taɓa shiga tukunyar gidanmu ba."

"Wannan ha'inci ne!" in ji Abílio.

"Rufe mini baki! Kai da ka girma kana satar wannan tsire a tagata, yau ka san ha'inci ne?"

Kasuwa ta kece da dariya. Isaque ya gutsura, ya ji kamar an sauke masa buhun gishiri daga ka. Ya sunkuya ya yi mata raɗa: "Don ni kika yi haka?"

"Ji mutum da son kai! Haka kakata ta koya mini. A rataye shi a taga, maƙwabta su gani su ɗauka alade ne. Juma'a da yamma kuma a kunna fitila a ɓoye cikin tulu. Dalili? Oho, ba ta faɗa ba, ni dai ban fasa ba."

Isaque ya daina tauna. Ya waiwayi Mazal, wadda duk Juma'a da yamma take kunna kyandir biyu a fili kan tebur, bisa al'adar Yahudawa. Mazal ta rufe baki da hannu: ashe kakannin tsohuwar Yahudawa ne da suka ɓoye addininsu.

"Dona Ermelinda, Juma'ar nan ki zo mu ci abinci tare," in ji Isaque.

"In taho da tuluna?"

"A'a," ya ce. "Ki bar shi a gida."