Saura Ɗaya

Duk garin Kiru cewa ake Wada ya ci jarrabawa, ban da kakarsa Inna, wadda ta ce jarrabawa ce ta ci Wada. Tun da aka kai shi makarantar Midil a Kano, ya ɗan zo hutu da takalmi sau-ciki, yana neman cokali a gidan da ba a taɓa sayen cokali ba. Daga nan ƙafa ta ɗauke.

"Jikoki biyu Allah ya bar mini," in ji Inna, "yanzu saura ɗaya."

Wannan ɗayan shi ne Zailani, kuma ga shi yau zaune a ajin elementare, allo a cinya. Mai jarrabawa ya zo daga birni don ya zaɓi waɗanda za a tafi da su. Sauran yara tsoron faɗuwa suke yi, shi kuwa tsoron ci. A ganinsa duk wanda ya ci ya bar gida ke nan, kuma in ya tafi, wa zai noma wa tsohuwa gonarta?

Sai dai zama daƙiƙi bai zo masa da sauƙi ba, don shi ne yaron da Malam Labaran ke tinƙaho da shi a lissafi. Saboda haka ya yi dabara, irin ta mai wayon da bai gama nuna ba. Kowace tambaya sai ya lissafa ta tsaf a ka, ya rage ɗaya, sannan ya rubuta.

Mai jarrabawa ya daɗe yana duban allon.

"Malam, wannan ne gwanin naka? Bai ci ko ɗaya ba."

"Shi ne, ranka ya daɗe," in ji Malam Labaran, kansa a ƙasa don kunya.

Zailani ya ji sanyi har cikin ransa.

"Amma Malam, matso ka gani. Tarawa, saura ɗaya. Ɗebewa, saura ɗaya. Rabawa ma haka. Daƙiƙi ko'ina yake jefa ƙafa, wani lokaci har ya dace. Wannan sai da ya san amsar kafin ya kauce mata." Ya juya ga yaron yana murmushi. "Kafin ruwan shuka ya sauka kana Kano."

Zailani ya iske Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Tun safe ba ta sa komai a bakinta ba.

"Ɗan nan, yaya aka ƙare?"

"Na kuskure duka, Inna."

"Duka?"

"Duka."

Ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, ta tura masa ƙwaryar.

"Zauna ka taya ni. Wannan ta iri ce, ita za ka shuka mana in ruwa ya sauka."

Ya zauna, ya fara ɓara.