Gadon Bakin Taga

Gado ashirin da huɗu ne a ɗakin maza, mu masu jinya kuwa ranar mu biyu ne kacal. Abokiyar aikina ta raka wani ɗakin tiyata tun ƙarfe goma, ta bar ni da sauran. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya fara cizo na, ko ruwa ban kurɓa ba tun da na shigo.

A ɗakinmu ba a kiran mutum da sunansa, da lamba ake kira. Gado tara ya fizge robar ƙarin ruwan hannunsa, gado sha biyu yana amai. Magani ma haka muke jera shi, ƙananan kofuna a kan tire, kowanne da lambar gado a jikinsa. Haka na tarar ana yi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ban taɓa tambayar dalili ba, tunda yana rage mana wahala.

Gado huɗu shi ne na bakin taga. Wani tsohon direba mai ciwon suga ke kai, kullum cikin mitar iska na shigar masa ƙashi. A gado biyar kuma Tela ne, dattijo mai barkwanci da aka kwantar saboda gyambo a ƙafa, shi zafi ke damunsa. Wajen sha ɗaya 'yar Tela, wadda ke jinyarsa, ta tare ni ina sauri da ledar ƙarin ruwa.

"Sista, Baba da maƙwabcinsa sun shirya, suna so su yi musayar gado."

"Ku yi," na ce, ban ko tsaya ba. Na ƙudurta zan dawo in canza katunan da ke maƙale a gadajen, sai wani aikin ya ɗauke ni.

Ƙarfe ɗaya na raba magani. Ina dire kofi a kan kowace durowa ina cewa, "Baba, a sha magani," idona kuwa yana kan kofi na gaba.

Uku saura na miƙa aiki ga masu yamma, na rataya jakata. Ba abin da nake hange sai katifata. Har na kusa ƙofa Direba ya kira ni.

"Sista, yau ƙwayata ta sake kama. Fara nake sha, wannan kuwa ja da rawaya ce, shi ya sa na ajiye ta."

Daga gado biyar yake min magana. Na juya bakin taga. Tela ya jiƙe sharkaf, hannunsa na rawa, 'yarsa tana yi masa fifita da kwali. Kofin da ke durowarsa wayam.

"Ga shi a bakin tagar, amma gumi yake ta yi," in ji ta. "Tun ɗazu yake sambatu, wai in miƙo masa almakashi."

Nan na gane maganin sugan Direba ya sha. Na yar da jaka, na soki yatsansa na gwada jininsa. Sugansa ya yi ƙasa sosai. Na aika a kira likita, na ɗaura masa ruwan suga.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin yin shiru. Ba wanda ya gan ni, tsoho kuma sugansa kan faɗi haka kawai. Sai dai na san ƙwayar nan. Tana daɗewa a jini har washegari. In likita bai sani ba, Tela zai farfaɗo, a cire masa ruwa, ta sake kayar da shi lokacin da ba mai kallo.

"Likita, maganin sugan gado huɗu na ba shi. Sun yi musayar gado, ni na yarda, ban canza kati ba."

Bai ɗago ba. "Guda nawa? Ƙarfe nawa?" Na faɗa masa. Ya rubuta a riƙa gwada shi kowace awa, kada a cire ruwan sai ya ce.

Ina zaune ina cike fom ɗin rahoto, wanda na san zai bi ni har cikin fayil ɗina, 'yar Tela ta zo ta durƙusa gefen teburin. Uban ya farfaɗo, har ya fara tsokanar Direba.

"Sista, Allah ya saka miki. Da ba don ke ba, da yanzu wani zancen ake."

Na gaji ƙwarai, na so in ce amin in tafi gida. Bakina ya ƙi.

"Tashi, ƙanwata. Ni na ba shi maganin da ba nasa ba."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta koma wurin ubanta.

Washegari babbar sista ta sa aka rubuta suna a kowane kofi. Da na iso gadon bakin taga na tambayi Tela sunansa, ya yi dariya ya ce, "'Yata, kwana tara muna tare, yau kika manta ni?" Ya dai faɗa. Na miƙa masa kofin, sai hannun 'yarsa ya riga nasa. Ta juye ƙwayoyin a tafinta, ta ware su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta kalle ni ba.

"Wannan na mene ne?"

Sauran gado ashirin na jirana. Na ajiye tiren, na fara yi mata bayani.